Gidan da Ba Ya Hayaƙi

'Yan'uwa mazauna Kilomita Biyar, da ku da ƙaddara ta kai Garwa-Bulai, Njamena, Duwala ko Kano amma hankalinku na nan Bangi.

Mun tashi mun tarar da iyayenmu mata da wani lissafi da ba a rubuta shi a takarda. Idan la'asar ta yi sanyi, tsohuwa takan fito ƙofar gida kamar mai shan iska, alhali kuwa ido take bazawa bisa rufin maƙwabta tana ƙirga hayaƙi. Gidan da hayaƙinsa ya tashi, an ɗora tukunya. Gidan da ya kwana biyu shiru, sai ta koma ciki ta ƙara wa miya ruwa, ta kwashe malmala biyu, ta rufe kwano da faifai, ta aiki ƙaramin yaro bayan magariba ta ƙofar baya. Ba a cewa an kawo taimako. Cewa ake yi: "Inna ta ce a ɗanɗana mata gishirin miyar nan." Mai aikowa ta san gaskiyar magana, mai karɓa ma ta sani. Ɗan aiken ne kaɗai bai sani ba, kuma mu ne 'yan aiken.

Yau gawayi ya maye gurbin itace a gidaje da dama, katangu sun ƙara tsawo. Tsofaffin da ke ƙirgawa wasu sun riga mu gidan gaskiya, wasu sun hau manyan motocin 2014 ba su dawo ba. Hayaƙi ya daina ba da labari. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami ke nan. A unguwar nan akwai gidajen da ake kwana da yunwa, akwai kuma ƙofofin da ake samun abinci, sai dai ɗan aiken da ke tsakaninsu ya ɓace.

Duk wanda ya ce Kilomita Biyar a Bangi, kasuwa yake nufi. Tun zamanin mulkin Faransa kakanninmu suka iso da goro da tufafi da fataucin shanu, wasu daga ƙasar Hausa da Barno ta hanyar Adamawa, wasu ta Cadi, suka yi sansani a tazarar kilomita biyar daga tsakiyar gari, sunan ya bi wurin. Daga nan birnin ya riƙa sayen shinkafarsa da mansa da sukarinsa da namansa. Wannan suna ya ba mu girma, amma ya zame wa matalautanmu bargon da ya lulluɓe su. Mutumin wata unguwa idan ya ji ka ce daga Sank Kilo kake, ɗauka yake kana da shago. Bai san mai tura kura da ke jiran a sauke kaya tun asuba ba, balle matar da aka rushe gidan mijinta a Miskin ta dawo tana hayar ɗaki ɗaya da 'ya'ya biyar. Akwai kuma dattijon da ya yi shekaru a sansanin gudun hijira a Kamaru, ya dawo ya tarar da wani a rumfarsa, jarinsa kuma ya daɗe da zama toka.

Yunwarmu ta bambanta da ta manomi. Mutumin Lobaye ko ba shi da ko dala, yakan shiga gona ya tono rogo, matarsa ta tsinko ganyensa a yi ngunza. Mu ba mu da gona. Rumbunmu aljihu ne, aljihun kuma a hanya ya rataya. Ƙasarmu ba ta da teku. Mafi yawan abin da ke cikin shagunanmu daga tashar jiragen ruwan Duwala yake tasowa, ya yi tafiyar da ta kai kilomita 1,400, ya ƙetare iyaka a Garwa-Bulai da Beloko, ya ratsa Bwar da Yaloke da Bosembele da Bowali kafin ya iso mu. Shanu daga hannun Fulani suke fitowa. Gozo da ganye da gawayi kuwa maƙwabtanmu ne ke shigo da su ta hanyoyin Mbaiki da Damara da Bowali. In ɗaya daga cikin waɗannan jijiyoyi ta toshe, kafin a yi mako tukunyar talaka ta ji a jikinta.

Ba labari aka ba mu ba, da idonmu muka gani. Bayan harin 5 ga Disamba 2013, gari ya rabu. Kiristoci kimanin 100,000 suka taru a filin jirgin saman Mpoko, Musulmi suka yi ta kwarara zuwa Cadi da Kamaru, mu da muka rage muka takure a nan, wasu a farfajiyar babban masallaci. Direbobi suka ƙi shigowa daga iyaka don tsoron ransu, har ta kai a watan Fabrairu 2014 Hukumar Abinci ta Duniya, wadda muka fi sani da PAM, ta riƙa ɗauko hatsi daga Duwala ta jirgin sama. A ƙarshen Satumba 2015 wuta ta sake tashi, aka yi wa unguwar ƙawanya, mai kuɗi a hannu ya rasa inda zai sayi ganyen miya. Da Fafaroma Faransis ya shigo masallacin Kuduku ranar 30 ga Nuwamba na wannan shekara, samarinmu suka bi ayarinsa a kan babura suka fita, wasunsu rabonsu da tsakiyar gari watanni. A Disamba 2019 'yan kasuwa suka gaji da harajin masu bindiga, aka gwabza, aka rasa rayuka, shaguna suka ƙone. Daga Disamba 2020 kuma 'yan tawaye suka datse hanyar Kamaru, manyan motoci fiye da 1,000 suka yi cirko-cirko a Garwa-Bulai, farashin albasa da fulawa ya yi tashin gwauron zabo. Kafin a farfaɗo sai yaƙin Yukren na 2022 ya zo da tsadar alkama da ƙarancin man fetur. Kowace guguwa cikin waɗannan ta wuce, amma kowace ta bar gidajen da har yau ba su miƙe ba.

Ɗaya daga cikin irin gidajen nan yana bayan namu, katanga ɗaya ta raba mu. Matar gidan mijinta mahauci ne, ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Kullum muna gaisawa. Kullum amsar ɗaya ce: "Lafiya lau, sai godiya." Mayafinta a wanke, yaranta ba sa shiga gidan kowa lokacin cin abinci, domin ta hana su. Mu kuwa muka ɗauki wannan a matsayin alamar rufin asiri, muka ci gaba da harkokinmu. Wata goggonmu ce, ɗaya daga cikin ragowar masu ƙirga hayaƙi, ta zo mana kwana biyu, ta lura da abin da muka yi wata da watanni ba mu gani ba. Ta ce ba ta ga an zubar da ruwan wanke-wanke daga gidan ba, ba ta kuma ji ƙarar turmi ba. Ta saɓa mayafi ta shiga da sallama. Ta tarar da tukunya a kan murhu, ruwa ne zalla a ciki da ɗan ganyen shayi. Autan gidan, yaro ɗan shekara biyu, yana kwance, gashinsa ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunsa sun kumbura.

Goggo ta ce, "'Yar nan, yaron nan tun yaushe?"

Ta ce, "Haƙori yake fitarwa, Goggo."

Goggo ba ta ja da ita ba. Ta danna babban yatsanta a bayan ƙafar yaron, ta ɗan jira, ta ɗaga. Gurbin yatsan ya zauna kamar a cikin ƙullu. Ta ce, "Ɗauko zanen goyo. Ni ce mara lafiya, ke rakiya za ki yi mini."

A ɗakin shan magani aka naɗa wa yaron wani ɗan madauri mai launi uku a damtse. Muna so kowane mai karanta wannan ya riƙe ma'anarsa, domin ilmi ne da ke ceton rai. Ana auna yara daga wata 6 zuwa shekara 5. Idan awon ya faɗa kan kore, sai a gode wa Allah. Ruwan ɗorawa, wato tsakanin santimita 11.5 da 12.5, gargaɗi ne. Ja, ƙasa da 11.5, tamowa ce mai tsanani. Kumburin ƙafafu biyu kuwa shi kaɗai ya isa hujja, ko da awon bai kai ja ba. Yaron da ke iya cin abinci akan ba shi ƙunshin markaɗaɗɗiyar gyaɗa da madara da sukari da mai, wanda ake kira Plumpy'Nut, a riƙa kawo shi awo mako-mako. Wanda ya daina ci, ko yake zazzaɓi ko gudawa, kwantar da shi ake yi. Namu an tura shi babban asibitin yara na Bangi, inda ake da sashen masu tamowa, wanda ƙungiyar yaƙi da yunwa ta ACF ta yi shekaru tana tallafa wa. Aka fara shi da madarar magani kaɗan-kaɗan. Bayan kwanaki kumburin ya saɓe, ya fara miƙa hannu yana neman abin da ke hannun uwarsa. Yau yana cikin masu damunmu da ƙwallo a lungu.

Daga baya ne muka ji abin da ya fi ba mu kunya. Ashe watanni kafin haka masu rubuta sunayen mabuƙata sun zo unguwar, sun tsaya a ƙofarta. Suka tambaye ta sau nawa gidan ya ci abinci jiya. Ta ce, "Alhamdulillahi, mun ci." Suka tambaye ta kwana nawa cikin bakwai ɗin da suka wuce aka ci nama ko kifi ko wake. Ta ce, "Allah bai hana mu ba." Mai rubutu ya rubuta abin da ya ji, ya wuce gaba. Ba ta yi ƙarya ba a ganinta, ladabi ta yi, irin wanda aka tarbiyyantar da mu a kai. Shi ma bai zalunce ta ba, takardarsa ba ta da gurbin da ake rubuta kunya. Mu da muka san ma'anar wannan amsa, muna shago a lokacin.

A nan ne kan maganar yake. Taimakon hukumomi suna yake bi. Sunan kuwa ba ya shiga takarda sai an faɗe shi da baki, an amsa tambayoyi dalla-dalla, wani lokaci a gaban jama'a. Mu kuma al'umma ce da ta ɗauki bayyana yunwa kamar tsiraici. Namiji yakan gwammace ya ɗaure cikinsa ya zauna a sahun farko da wankakkiyar riga. Mace mai takaba ba ta fita. Gidan da aka rubuta wa "ba shiga" baƙon namiji ba ya wuce zaure, matar da ta san abin da ke cikin tukunya kuwa tana can ciki. Ba mu ce a yar da kunya ba, domin ita ce ta riƙe mutuncin gidajenmu a lokacin da komai ya zube. Amma kakanninmu da suka koya mana kunya, su ne kuma suka ƙirƙiro kwanon da ake rufewa da faifai, don kada kunyar ta kashe mai ita. Mun riƙe rabin gadon, mun saki rabi.

To, bari mu faɗi ƙofofin da muka sani, don mai nema wa kansa da mai nema wa maƙwabcinsa.

Ƙofar farko ta yara da masu juna biyu da masu shayarwa ce, ita ce kuma ba ta jiran rajista. A kai yaro cibiyar lafiya mafi kusa a ce a auna shi. Mutanen unguwar nan sun san cibiyar Mamadu Mbaiki da gidan haihuwa na Gbaya Dombiya, inda likitocin MSF suka yi aiki a shekarun tsanani. Kada rashin takardar haihuwa ya hana a tafi, kada kuma a tsaya jiƙe-jiƙe ana cewa haƙori ne ko baki. In an ba da ƙunshin gyaɗar nan, a sani magani ne na yaro ɗaya. Raba shi ga yayyensa ko kai shi kasuwa tamkar raba allurar mara lafiya ne.

Ƙofa ta biyu ita ce ta rabon abinci. PAM ba ta cika raba kaya da hannunta ba, ƙungiyoyin da take aiki da su ne ke yin rajista, su kuma sukan bi ta hannun masu unguwanni da ofishin magajin gari na gunduma ta uku da kwamitocin jama'a. Wani lokaci kaya ake bayarwa: shinkafa ko masara, wake, mai, gishiri, da garin kunun yara. Wani lokaci takardar sayayya ce da ake kai wa wasu shaguna, wani lokaci kuɗi. Akan fifita gidan da mace ke riƙe da shi, da 'yan gudun hijira da waɗanda suka dawo, da tsofaffi da naƙasassu. Kungiyar Kurwa Ruj da Karitas ta cocin Katolika su ma suna da nasu hanyoyin, kuma ba a tambayar addini. Abu biyu za a riƙe. Na farko, in an zo rajista a faɗi gaskiyar abin da aka ci, da adadi, ko a samu 'yar'uwa ta tsaya kusa ta faɗa. Godiyar Allah ba ta hana faɗin cewa sau ɗaya aka ɗora tukunya. Na biyu, shiga rajista kyauta ne. Duk wanda ya nemi kuɗi, ko wani kaso na kayan, ko ya nemi mutuncin mace kafin ya rubuta suna, ɓarawo ne, a kai ƙararsa ga ƙungiyar da ta aiko shi, kada a rufa masa asiri.

Ƙofa ta uku ita ce aikin gayya da ake biya, irin yashe magudanan ruwa da gyaran hanya da hukumar kula da ƙaura ta OIM ta gudanar a gundumarmu tun 2014, inda Musulmi da Kirista suka riƙe shebur ɗaya. Idan an buɗe irinsa, samarin gidajen da ba su da mai nema ya kamata a fara turawa, ba 'ya'yan masu shago ba.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, ko da ɗaci. Waɗannan ƙofofi ƙanana ne, masu jira kuma da yawa. A ƙasar da mutanenta ba su wuce miliyan 6 da wani abu ba, ƙididdigar hukumomin agaji ta shekarun nan ta sha nuna fiye da mutum miliyan 2 cikin matsananciyar buƙatar abinci. Mafi yawan agajin lardunan da yaƙi ya fi ɗaiɗaitawa yake tafiya, ga kuma 'yan gudun hijirar Sudan da suka shigo ta Birawo tun 2023. Daga farkon 2025 Amurka ta janye kaso mai yawa na kuɗin agajin da take bayarwa a duniya, wasu ƙasashen ma suka rage. Wanda ya zauna jiran farar mota mai tuta, yana iya daɗewa a zaune. Hausawa sun ce kowa ya dogara da tuwon wani, da yunwa zai kwana.

Saboda haka dole mu waiwayi namu rumbun, kuma ba ƙarami ba ne. Unguwar da ke da wannan yawan shaguna tana da zakka, ɗaya cikin arba'in na dukiyar ciniki da ta kai nisabi ta shekara. Tana da fidda-kai, mudun Annabi huɗu a kan kowane rai. Tana da naman layya, da abincin buɗa-baki, da adashin mata, da gudummawar biki da ta rasuwa. Matsalar ita ce yadda muke fitarwa. Da yawa cikinmu mukan canza kuɗin zakka zuwa ƙananan takardu, mu tsaya ƙofar shago a goman ƙarshe na azumi, mu miƙa wa duk wanda ya fi kusa da wanda ya fi ɗaga murya. Kafin Sallah ta wuce kuɗin sun narke, ba gidan da ya tashi daga inda yake. Matar bayan katangarmu ba za ta taɓa zuwa wannan layi ba. Malamanmu kuwa sun sha karantar da mu a wajen tafsiri cewa wanda kamun kai ya hana roƙo ya fi cancanta a neme shi. Ga shi kuma mun tattara alherinmu duka a wata ɗaya, kamar ciki yana hutu a sauran goma sha ɗaya. Lokacin da ya fi tsanani, daga faɗuwar ruwan farko zuwa tsakiyar damina, sau da yawa ba ya dacewa da azumi.

Abin da muke roƙo ba ya buƙatar ofis ko hatimi. Kowane masallacin unguwa ya samu mutum uku amintattu, tare da mata biyu ko uku dattijai, domin su ne ke shiga inda maza ba sa shiga, su ne kuma ke gane bambancin "lafiya lau" ta ƙoshi da ta yunwa. Su san gidajen layinsu ɗaya bayan ɗaya, sunayen su tsaya a tsakaninsu, kada a karanta a lasifika, kada a ɗauki hoton kowa a sa a Facebook ko WhatsApp. Sadakar da aka ɗauki hoton mai karɓarta, an riga an karɓi kuɗinta daga mutuncinsa. Mutum ɗari in kowa ya ajiye dala ashirin ranar Juma'a, jika goma ke nan a mako, jika arba'in a wata, ba za a rasa buhun shinkafa da galan na mai ba. Mai shago ya ware mudu ɗaya daga kowane buhun da ya buɗe. Mahauci ya tuna da gidan abokin sana'arsa da ya rasu. A kai kayan da dare, a hannun mace ko yaro, da irin kalmar da iyayenmu ke faɗa. Ranar da masu rajista suka shigo, waɗannan dattijan su riga su zuwa ƙofofin da suka dace, su tsaya a yi tambayoyin a gabansu.

Zakka kuma, maimakon a yayyafa ta ga mutum ɗari, attajirai biyu ko uku su haɗa tasu su tayar da gida ɗaya. Maƙwabciyarmu abin da ya fitar da ita bai taka kara ya karya ba: kasko, buhun fulawa, galan ɗin mai, da wata 'yar'uwa da ta saka ta a adashi ta bar mata ɗaukar farko. Yanzu da asuba ƙamshin makala ke tashe mu ta kan katanga, masu tura kura na tsayawa saye. Ba ta yi arziki ba. Akwai ranakun da ciniki ke mutuwa, akwai watan da kuɗin haya ke cinye riba. Amma ta daina dafa ruwa, kuma a Sallar da ta wuce ita ma ta fitar da fidda-kai na mutum biyar.

Akwai wani abu da bai kamata mu manta ba, ko da raunukan ba su gama warkewa ba. A kwanakin ƙawanya, akwai matan Kirista da suka riƙa saɗaɗowa da gozo da ganyen koko har bakin gada, suna sayar mana ko suna ba tsofaffin abokan cinikinsu bashi, alhali in an gan su ransu ne a bakin wuƙa. Akwai kuma 'yan kasuwarmu da suka riƙa miƙa musu gishiri da sabulu ta bayan fage. Lokacin da mahautanmu da fatakenmu suka gudu, nama ya yi wuya a Bangi baki ɗaya. Su suna da gona, mu muna da hanya, kowane ɓangare ya ɗanɗani rashin ɗayan. Marigayi Imam Umar Kobin Layama ya samu mafaka a gidan Akbishop Nzapalainga a lokacin da gari ke ci da wuta. Yarjejeniyar 2016 tsakanin mutanenmu da na Boyin ta sake buɗe mana hanyar maƙabarta, kuma hanyar da gawa ta bi lafiya, kwandon rogo ma yakan bi. Abin da muke kira yunwa su nzara suke ce masa, ciwon kuwa iri ɗaya ne. In dattijanmu na ƙirga gidaje, kada su tsallake ƙofar da ke da gicciye. Boganda ya bar wa ƙasar nan kalmar zo kwe zo, kowane mutum mutum ne, addininmu kuma ya riga ya ɗora mana haƙƙin maƙwabci ba tare da ya tambayi alƙiblarsa ba.

Ku kuma 'yan'uwa da ke waje, masu aiko da kuɗin Sallah, muna godiya, Allah Ya ƙara buɗi. Idan kun kira gida, kada ku tsaya a "kowa lafiya?", domin kun san amsar da za a ba ku. Ku tambayi me aka dafa jiya. Ku tambayi wace ce a layinmu mijinta ya rasu bana, wa ya dawo daga hijira bai samu rumfarsa ba. Ku ware wani abu, ko kaɗan ne, da zai riƙa zuwa kowane wata, ya fi babban ƙunshin da ke zuwa sau ɗaya a shekara.

Goggonmu ta koma gidanta. Kafin ta tafi ta yi mana faɗan da muka cancanta. Ta ce ita ba ta yi boko ba, ba ta san sunan ko ƙungiya ɗaya ba, amma ba a taɓa kwana uku da yunwa a layinta ba ta sani ba. Ta ce mu da muke da waya a hannu muna sanin farashin shinkafa a Duwala kafin mota ta taso, yaya aka yi ba mu san abin da ke bayan katangarmu ba? Ba mu da amsa a ranar, yau ma ba mu da ita.

Yau in an sallame magariba, kafin a zauna cin abinci, kowannenmu ya ƙirga gida uku a damansa, uku a hagunsa. In akwai wanda ba ka san ko an ɗora tukunya a cikinsa ba, a rufe kwano a aiki yaro. Ya ce Inna ta ce a ɗanɗana mata gishiri.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya ciyar da mu halal, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Amin.